Shin "ka kwafsa" daidai yake da "ka yi kuskure"?

Malamin lissafi, Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum. A makon jiya ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan cikin birni, sai na rubuta 56 a allo a inda ya kamata in rubuta 54, nan take wani ɗalibi ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ka kwafsa." Gaskiyarsa ce, na kuma gyara, amma kalmar ta tsaya mini a rai. Da na kira shi bayan an tashi, ya rantse cewa bai nufi raini ba, domin a tsakaninsu haka ake gaya wa wanda ya yi kuskure. Ina roƙon masana su bayyana mini ko kalmomin nan biyu nauyinsu ɗaya, ko kuwa ina da hujjar jin abin da na ji.

Tsohon malamin Hausa, Daura:

Wa alaikumus salam. Malam, kana da hujja. Kuskure kalma ce da ba ta ɗauke da zargi, shi ya sa ake cewa maharbi ya kuskure, ana kuma iya gaya wa uba ko sarki cewa an samu kuskure ba tare da an taɓa mutuncinsa ba. Kwafsawa kuwa, wadda ku Katsinawa kuke furtawa "kwahsawa", kuskure ne da kunya ta biyo bayansa, wato wanda aka yi a gaban jama'a alhali ana zaton mai shi ya wuce nan. Saboda haka tsara ne yake faɗa wa tsara, ko babba ya faɗa wa yaro.

Hausa ta rarrabe waɗannan abubuwa sosai. Idan harshe ne ya zame ba da niyya ba, subul da baka ne, idan a rubutu ne kuma tuntuɓen alƙalami, wanda shi ne ainihin abin da ya same ka. Katoɓara ta fi su nauyi, domin magana ce da aka saki ba tare da tunani ba har ta jawo wa mai ita surutu, shi ya sa jaridu suke yawan jingina ta ga 'yan siyasa. Aika-aika kuma ta bar sahun kuskure ta shiga na laifi. Ko aikatau ɗin da aka zaɓa yana ƙara nauyi, domin wanda ya "tafka" kuskure ya fi wanda ya "yi" shi ɓarna. Abin da yake damuna shi ne yaranmu sun riƙe kalma ɗaya ta sara suna auna komai da ita.

Mai sayar da waya, Katsina:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina neman izini in kare yaron kaɗan. A bakin matasa kalmar ta yi sauƙi ƙwarai, har mutum yakan ce da kansa "yau na kwafsa" idan ya yi kuskuren canji. Wadda ta fi ta zafi a wurinmu ita ce "ka ba da ni", ma'ana ka kunyata ni a gaban mutane bayan na yarda da kai. Masu zuwa kallon Katsina United a filin Muhammadu Dikko kuma sun shigo da "ya yi fawul" cikin hira, ko da babu ƙwallo a zancen.

A kan kaya ma haka abin yake. Wayar da ba ta da inganci cewa muke "ba ta yi ba", wadda aka sha gyarawa aka rufe aibinta kuma jagwal ce. Jabu ta girme su duka, an ma danganta asalinta da sunan Ijebu a ƙasar Yarbawa, tun zamanin da ake ƙorafin kuɗin ƙarfe na bogi a mulkin Turawa, ga shi yau ba wanda yake jin ta a matsayin baƙuwa.

Uwar ɗalibai, Ƙofar Ƙaura:

Abin da na lura da shi a gidana shi ne kalmomin muni sun koma na yabo. 'Yata takan ce atamfa ta yi "mugun kyau" ko miya ta yi "bala'in daɗi", kakarta kuwa ba ta barin wannan ya wuce sai ta ce a nemi tsari, domin a wurinta bala'i ba abin kira ba ne a kan abinci. Su kuma yaran ba su san "kwaɓarsa ta yi ruwa" ba, sai da na nuna musu yadda ƙullun ƙosai yake ƙin soyuwa idan ruwa ya yi masa yawa, sannan suka gane cewa ana nufin al'amarin mutum ya lalace. Malam, shawarata ita ce kada ka hukunta yaron, amma ka koya masa ya ce, "Malam, a duba layi na biyu."

Malamin lissafi:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na yi magana da malamar Hausa ta ajin, ta kuma amince ranar Litinin ta rubuta kalmomin nan a allo, ɗalibai su faɗi wanda ya dace a gaya wa kowace.