Akwatunan Tambutu

Malamin Zaure:

Salamu alaikum. Na buɗe fage, wanda ya ji zai iya ya karɓa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai raya ƙasa bayan bushewa.
Zancen Tambutu nake ɗaukowa,
Birnin tawada da karantarwa.
A 2012 aka zo mamayewa,
'Yan bindiga suka hau rusawa.
Da diga da gatari ake sarewa,
Hubbaren Sidi Mahmud na zubewa.
Ƙofar Sidi Yahya ana ɓallewa,
Tsofaffi na tsaye, hawaye na zubowa.
Janairun 2013, za su ficewa,
Cibiyar Ahmad Baba suka cinna wa
Wuta, kundi dubu huɗu na ƙonewa.
Yara, ku ba ni abin amsawa:
Wa ke tsare littafi in gari na watsewa?

'Yar Damagaram:

Baba, ka ƙirga abin da ya ƙone,
Ni zan ƙirga wanda aka tsare.
Abdulƙadir Haidara da mutanensa
Sun haƙura da barci, aikinsu da dare.
Akwatin ƙarfe irin na lefe,
Da kundi aka cika shi, aka ɗaure.
Wani a amalanken jaki ya bi lungu,
Wani a mota, ƙarƙashin kaya a jere.
Da hanya ta yi wuya sai kogin Neja,
Kwale-kwale ya ɗauka, ya bi ruwa ya tsere.
Sama da dubu ɗari uku sun kai Bamako,
Fiƙihu, falaki, ilmin magani, duk a tare.
Iyalan da suka gaji takardun nan,
Su suka sa wuyansu, su suka daure.

Jikan Alaramma:

Yaya, kin fama mini tsohon miki,
Namu gadon, wadda ta ci shi gara.
Kakana ya bar gafaka bakwai
A ƙuryar soro, bayan tulin kara.
Bara da damina rufin ya yi yoyo,
Ba wanda ya leƙa, ba wanda ya lura.
Na kwance ta farko, ƙasa ta zubo,
Rubutun hannunsa ya koma ƙura.
Jan wasali na nan a gefen takarda,
Baƙin ya tafi, sai ɗigo ya saura.
Na zauna a ƙasa na rasa ta cewa,
Mahaifiyata na kira, na kasa saurara.
Mai diga na ji an kai shi kotu,
Ni da na yi sakaci, wa zai kai ni ƙara?

Malamin Zaure:

Ɗana, share hawaye, zo ka ji.

An kai shi, Al-Mahdi, ya zo amsawa,
A 2016, kotun duniya na yankewa,
Shekara tara, shi ma yana nadamar aikatawa.
Maginan garin kuwa suka hau kwaɓawa,
Da yumɓu da dutse, irin na kakanni suke ɗorawa,
Hubbare 14, a 2015 suna tsayawa.
Ahmad Baba kansa, malamin Tambutu na zamanin da, ya sha rasawa,
Littafi 1,600 aka yi wa wawashewa,
Aka kai shi Marrakesh a ɗaure, yana tafiya yana waiwayowa,
Can ma bai fasa ba da karantarwa.

'Yar Damagaram:

Baba, a ba ni dama in ƙara wa ƙanena.

Bamako ma ba ta zo da sauƙi ba,
Laima ta tarbe su, hamada ce suka saba.
Takardar da ta shekara ɗaruruwa a bushe,
Danshi kaɗan ya isa ya sa ta ruɓa.
Sai masu adana suka zauna da buroshi,
Shafi-shafi, a hankali suke taɓa.
Kowane kundi da kwalinsa daidai jikinsa,
A ba shi lamba, a rubuta, a duba.
A ɗauki hotonsa a zuba a kwamfuta,
Google ma a 2022 ta baje wasu a raba.
Hoton na da rana, ban raina shi ba,
Amma ƙamshin fatar gafaka bai ɗauko ba.
Shi ya sa na yi murna a 2025,
Da aka fara mai da su gida, garin Ahmad Baba.
Kai kuma ƙanena, ɗaga naka daga ƙasa,
Kar ka sa a leda, kar ka shanya a rana, ka ji ko ba ka ji ba?

Jikan Alaramma:

Na ji, Yaya. Na gode, Baba.

Shida suka rage, yau na ɗauko su,
Na ɗora a kan katako, nesa da gara.
A ta uku na ga sunan kakan kakana,
Da hannunsa ya sa, a ƙarshen sura.
Gobe da hantsi zan kira baffana,
Shi ke karanta wannan warash, shi zai fara.