"Tsoro na daji, kunya ta gida": ina mai noƙewa ya faɗa?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Malamar Turanci ta rubuta wa 'yata "timid" a katin sakamako, yayanta ya ce matsoraciya ake nufi. Ni kuwa na ce tsoro na daji, kunya ta gida. Yarinyar da ke kashe kunama da silifa, ina ita ina tsoro? Ba ta dai iya kallon babba ido cikin ido.

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a zage ta ba. "Timid" shi ne mai noƙewa, wanda ya san amsa amma ɗaga hannu ya gagare shi. Zagin shi ne "coward", wanda ya ari na kare a ranar da ya kamata ya tsaya. Asalinta daga tsohon Faransanci ne, daga kalmar wutsiya. Yara a Amurka kuma kaza suke ce wa matsoraci, inda mu muka ɗora wa kura, ga tsoro ga ban tsoro.

Ɗan Dambe: Malam, da izininka, karin maganar ba ta wanke yarinyar ba. Cewa take kowanne da muhallinsa. Kunya gaban suruki ko ƙin faɗin sunan ɗan fari, wannan ado ne. Amma aji ba tsakar gida ba ne. In an tambaye ki kika sunkuyar da kai, kin kai kunya inda ba a sayenta, maki kuma ya wuce ki.

Uwar Biyu: To ɗana, mu ne muka ce mata kada ta tanka babba na magana. Yanzu kuma mu ce ta canja da ta shiga ƙofar makaranta?

Ɗan Dambe: Haka nake nufi, Hajiya. Ni ma ina durƙusa wa babana, amma a fili ba na sunkuyar wa kowa.

Malam Na-Zazzau: A nan ina tare da shi. Abin da ba zan yarda ba shi ne a haɗa kalmomin biyu, "timid" da "coward", don ta biyun ta taɓa cin rayuka. A Yaƙin Duniya na Farko, tun 1914 mata a Ingila ke miƙa wa samarin da ba su shiga soja ba farin gashin tsuntsu, alamar ragwanta. Sojoji 306 na Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta aka harbe bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen daga da tsoro, da yawansu rugugin igwa ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai a 2006 aka yi musu afuwa. Kalma mai wannan nauyi ba a jefa wa 'yar firamare.

Baba Na-Maraɗi: Kun manta ɓangaren farko. Karin maganar ba ta aibata tsoro ba, ta ba shi daji ne. Mafarauci da ba ya tsoron ɓauna ba ya tsufa. Hajiya, ki je ki ga malamar, ki roƙe ta ta riƙa kiran yarinyar da suna tana tambayarta, maimakon jiran ta ɗaga hannu.