Ina neman kalmar Hausa ta "hamon" kafin gobe da safe

Mai Shiri: Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan shiga naɗar shiri na minti 20 a kan maƙeran takobi na Japan na wannan zamani, da mutanen da ke sayen aikinsu don ajiya. Rubutu ya kammala, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a maƙoshi: hamon.

Ga yadda abin yake. Idan maƙeri ya gama fitar da siffar takobi, sai ya kwaɓa yumɓu da garin gawayi da garin dutse ya shafe ƙarfen, da kauri ta gadon baya, shafal-shafal ta wajen kaifi. In ya bushe sai ya sa a wuta, a cikin duhu don ya karanta launin ƙarfen da idonsa, sannan ya tsoma a ruwa. Wajen kaifi ya huce nan take ya yi tauri ƙwarai, baya kuma ya huce a hankali, ya rage da ɗan laushin da zai sha duka bai karye ba. Iyakar da ke tsakaninsu, in mai gogewa ya gama aikinsa, takan fito fari-fari kamar hazo, wata a miƙe, wata kamar igiyar ruwa, wata kamar an jera kan kanumfari. Ita ce hamon. Masu tara takubba ita suke fara dubawa, da ita suke gane gidan da aka yi ƙirar. Zan ambace ta fiye da sau goma, kuma rediyo ce, babu hoton da zai taimake ni. Me zan ce?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Zanen kaifi. A bakinsu ma haka take, ha kaifi, mon zane. Kin huta.

Bazazzagi: Tun ban kai ƙarshen bayaninki ba abin da ya faɗo mini shi ne lalle. A kwaɓa, a shafa, a bari ya bushe, a kankare, ado ya fito. Wace mace ce a ƙasar Hausa za ta ji "lallen takobi" ba ta ga hoton a ranta ba? Ki ɗauka, Malama, ba za ki samu wadda ta fi ta ba.

Ɗan Maƙera: Ni a maƙera na tashi, zuga-zugi na fara ja tun ban shiga firamare ba. Wannan tsomawar da kika faɗa sunanta ban ruwa a gidanmu. In mahaifina ya ba wuƙa ruwa yakan goga magagari a bakinta, in ya zame bai ci ba to ta sha. Ba ma shafa yumɓu yadda suke yi, amma aikin sunansa ke nan. Duk kalmar da za ku zaɓa, ban ruwa ya shiga ciki. "Zane" yana nuna wani ne ya ɗauki abu ya zana, alhali wuta da ruwa ne suka bar alamarsu.

Mai Shiri: Na gode Yaya, ban taɓa sanin ana cewa ban ruwa ga ƙarfe ba, na gona da na doki kawai na sani. To layin ban ruwa?

Bakatsine: Layi ya yi kama da na mai a gidan mai. Tunda kin ce da ita ake gane gida, me zai hana tsagar gado? Yadda tsaga ke nuna asalin mutum.

Ɗalibi a Okayama: Don Allah kada a ce tsaga. A wurinsu tsaga a bakin kaifi ita ce aibi mafi muni, hagire suke kiranta, takobin da ya yi ta ya tashi aiki, kuma sau da yawa wajen ban ruwan take faruwa. In aka ce takobi yana da kyakkyawar tsaga an juya maganar gaba ɗaya.

Ina karatu a nan Japan, na je gidan tarihin takubba na Bizen Osafune da ke kusa da mu sau biyu. Abin da ya ba ni mamaki, in ka tsaya gaban takobin kai tsaye ba ka ganin ainihin hamon ɗin. Sai an karkata shi wajen fitila, ka runtse ido kaɗan, sai ka ga wasu ƙananan ƙwayoyi suna ƙyalli a kan iyakar kamar an watsa gari. Masu girman da ido ke rarrabewa nie ake ce musu, waɗanda suka haɗe kamar hayaƙi kuma nioi. Abin a cikin ƙarfen yake, ba a samansa ba. Shawarata, Anti, ki bar shi hamon kawai ki yi bayani sau ɗaya. Turawa ma haka suka bar shi.

Baba Malam: Yaro, "Turawa ma haka suka bar shi" ba hujja ba ce. Shekara 35 na yi ina koyar da Hausa, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Kowace kalma ta zo daga waje sai mu buɗe mata ƙofa, mu shimfiɗa mata tabarma, 'yan gida suna tsaye a rana. Al'ummar da take da Sarkin Maƙera, take da maƙeran baƙi da maƙeran fari, take da kube da ƙota da masaba da awartaki, ita ce za ta rasa sunan alama a jikin ƙarfe? Tsofaffinmu suna da sunan takobi mai lanƙwasa mai baki ɗaya, bisalami. Wa ke faɗarsa yau? Mun jefar, muna rububin katana ta Japanawa.

Ɗalibi a Okayama: Allah ya huci zuciyar Baba, ba raini nake nufi ba. Amma katana ba bisalami ba ne. Suna da ƙa'ida: in tsawon ƙarfen ya wuce kusan santimita 60 katana ne, tsakanin 30 da 60 wakizashi, ƙasa da 30 tanto. Mai tara takubba yana bukatar wannan bambancin.

Baba Malam: Sai a ce dogo, matsakaici, gajere. Ina wahalar take?

Bazazzagi: Baba ya yi gaskiya, shi ya sa na kawo 'yar gida. Lalle. Ba aro, ba kame-kame.

Alaramma: Lalle daga ina? Ni ina ganin in za a nemi kalma mai daraja, Larabawa sun riga mu. Adon da ke fitowa a jikin takobi mai kyau jauhar suke ce masa, kuma jauhari ya daɗe a bakin Bahaushe. Jauharin takobi. Ya fi dacewa da abin da ake saye da tsada haka.

Mai Shiri: Allah ya gafarta Malam, wannan zai yi mini amfani amma a wani wurin. Akwai ado na biyu, hada, wanda ke fitowa daga ninke ƙarfen. Suna buga shi su ninke, su sake bugawa, sau goma zuwa goma sha biyar. Ninki 15 ya ba da falle 32,768. Shi ke barin wasu siraran jijiyoyi a duk jikin takobin kamar na katako. Jauhari ya fi kusa da wannan. Hamon a bakin kaifi kawai take.

Bakatsine: Tsaya, a rubutunki akwai sunan ƙarfen da suke amfani da shi? Na taɓa jin tamahagane. Tama fa! Ƙarfen tama namu! Ku duba da kyau, wa ya san ko daga nan kalmar ta je can.

Ɗalibi a Okayama: Yaya, dacewar sauti ce kawai. Tama a harshensu dutse mai daraja ne, hagane kuma ƙarfe mai tauri. Daga baƙin yashi mai ƙarfe suke narka shi, a murhun yumɓu da ake kira tatara. Wanda ke ciyar da yawancin maƙeran yau yana Okuizumo a lardin Shimane, an farfaɗo da shi a 1977. Da hunturu ake hura shi, kwana uku dare da rana ana zuba yashi da gawayi, yashi kusan tan 10, gawayi kusan tan 12, sannan a fasa murhun a ciro dunƙulen.

Ɗan Maƙera: Wannan maganar ta taɓa ni. Kakana ya narka tama da hannunsa, mahaifina ya gani yana yaro, ni labari kawai na ji. Yau sifirin ɗin tsohuwar mota muke saya a kilo. Su da nasu ya mutu sun tashe shi. An hana su ƙira bayan yaƙin duniya na biyu, aka sake ba su izini a 1953, suka dawo suka ɗora daga inda aka tsaya. Mu ba wanda ya hana mu, mu muka bari.

Ɗan Damagaram: Ƴan uwa, kun bar baiwar Allah tana jira. Amma tunda Baba ya taɓo maganar gida da baƙo, bari in faɗi tawa. Duk lokacin da aka zauna ƙirƙirar kalma, a Kano ko Zariya ake yankewa, mu na Nijar sai dai mu ji a rediyo. Mu ma muna da maƙera, takobin da Buzaye ke ratayawa da naku ɗan uwan juna ne, har sunan kusan ɗaya. Ba wanda ya taɓa tambayarmu me muke cewa.

Baba Malam: Ɗana, ba wanda ya hana ka magana, ga shi kai ka fara. Kalmarka ce ba ta yi ba. Daidaitacciyar Hausa ba ta Kano ba ce, ta kowa ce.

Ɗan Damagaram: Ta kowa ce a baki, Baba. A takarda ko ƴ ɗinmu ba ku karɓa ba.

Bazazzagi: Duk wannan ba zai naɗa mata shiri ba. Har yanzu ba wanda ya kawo dalili ɗaya da ya kayar da lalle.

Mai Tara Kayan Da: Ni zan kawo, kuma da kuɗina na saye dalilin. Shekarun baya na yi odar takobi ta intanet daga wani mai sayarwa, hoton ya nuna igiyar ruwa fara tas a bakin kaifi. Da ya iso na lura tudun igiyar duk girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, kamar an auna da ma'auni, gefen dama da na hagu ba bambanci. Wata rana tsatsa ta ɗan taɓa shi, na sa man goge ƙarfe da tsumma, sai ga adon yana bin tsumman. A wurin da na goga ya ɓace ɗungurum. Ashe ruwan asid aka shafa ta cikin wani kwali mai yanka, wasu kuma da burushin waya suke yi. Ƙarfen taurinsa ɗaya daga baki har baya.

Ba ina cewa duk na waje jabu ne ba. A Longquan ta ƙasar Sin akwai masu shafa yumɓu su ba da ruwa da gaske, a kan ƙarfen masana'anta irin su 1095 da T10, kuma alamarsu ta gaskiya ce, sai dai ba tamahagane ba ne. Na Japan kuwa maƙeri sai ya yi aƙalla shekara 5 a hannun ubangida kafin hukumar al'adu ta ba shi izini, ba ya wuce dogon takobi 2 a wata, kowanne da katin rajistarsa, sunan maƙerin kuma a sassaƙe a gindin da ke shiga ƙota. Shi ya sa sabo yakan haura yen miliyan ɗaya, kuɗin Japan.

To ɗan'uwa, abin da ake shafawa a sama, ya yi kyau kwana biyu ya goge, me sunansa? Shi ne lalle. Kalmarka ta yi daidai, amma da na jabun.

Mai Shiri: Wallahi ka warware mini wata matsalar da ban ma kawo ba. Akwai sakin layi guda a kan na jabu, ina ta cewa "alamar ƙarya".

Bazazzagi: Ban yarda ba. Na kawo kalma don a girmama aikin gwanaye, ku ɗauke ta ku liƙa wa 'yan damfara? Kuma lallen ƙwarai a farce yake zama har sai farcen ya fita.

Ɗan Maƙera: Farcen ai yana fita. Na ƙarfe ko an wasa shi shekara ɗari yana nan, sai in ƙarfen ne ya cinye. Ni ga tawa: sawu. Mutum ya wuce, sawunsa ya nuna wane ne, ina ya nufa, da nauyi ya taka ko da sauri. Sawun ban ruwa. Ba zana shi aka yi ba, bari aka yi.

Alaramma: Ya yi tsawo a baki. Gaɓa biyar.

Baba Malam: Tsawo ba aibi ba ne. Jirgin sama gaɓa huɗu ne, ba wanda ya gaji da faɗa. Ginin ma daidai ne, suna da 'yar mallaka sannan harɗaɗɗen suna. In an faɗe shi cikakke sau biyu, daga nan "sawun" ya wadatar: sawun miƙe, sawun igiya, sawun kanumfari. Na fi son a ce gurbi, don sawu na ƙafa ne, amma ba zan ja ba. Sharaɗina ɗaya, kada waccan kalmar ta fito a shirin ko sau ɗaya.

Ɗalibi a Okayama: Baba, in ba ta faɗe ta ba, wanda ya ji shirin ya so ya ƙara bincike da me zai nema? Sawun ban ruwa ba zai fito masa da komai ba a intanet.

Baba Malam: Zai fito in mun rubuta. Haka kowace kalma ta fara.

Ɗan Damagaram: Ni har yanzu zanen kaifi ya fi mini sauƙi, kuma shi zan ci gaba da faɗa. Amma shirinki ne.

Mai Shiri: Dare ya yi, bari in tsayar. Farkon ambato zan ce "sawun ban ruwa, wanda su Japanawa ke kira hamon", daga nan sawun kaɗai har ƙarshe. Na jabu zan ce "lalle ne aka yi wa ƙarfen". Baba ka yi mini afuwa a kan sau ɗayan nan, Yaya Bazazzagi kai ma ka yi haƙuri. Hada kuwa na rubuta jauhari da fensir, don jikina bai gama ba ni ba, ina tsoron mai sauraro ya zaci duwatsu aka jera a jikin takobin.

Bazazzagi: Ki yi amfani da ita, na bar miki. Amma ban janye ba, lalle ya fi sawu daɗin ji.

Baba Malam: Sau ɗaya, 'yata. Zan kunna rediyo in ƙirga. Jauharin nan kuma kada ki sa masa biro tukuna, ki dawo da shi nan bayan naɗin.