Da gaske ne sai a 1982 Chelsea ta fara saka baƙar fata a fili?

ƊanBlues_Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bin ƙwallon Ingila ce. A gidan kallon unguwarmu akwai wani ɗan Arsenal da in musu ya yi zafi sai ya ce mini wai ni baƙi ne amma na maƙale wa ƙungiyar da ba ta taɓa saka baƙar fata a fili ba sai a 1982, kuma da ta saka shi ɗin ma, magoya bayanta ne da bakinsu suka yi ta zaginsa. Ni dai Chelsea ɗin da na buɗi ido na gani ta su Drogba ce da Essien da Mikel Obi, kafin su kuma an yi Babayaro ɗan Kaduna. Maganar ta tsaya mini a rai. Da gaske ne? In kuwa gaskiya ne, mu kaɗai ne ko duk haka suke?

TsohonGola:

Wa'alaikumus salam. Ƙanina, gaskiya ya faɗa maka. Sunan ɗan wasan Paul Canoville, haifaffen Ingila. A watan Afrilun 1982 ya fara buga wa Chelsea, a gidan Crystal Palace. Tun yana ɗumama jiki a gefen fili ya fara jin kukan biri da ashar, da ya waiga sai ya ga daga ɓangaren 'yan Chelsea abin yake fitowa, mutanen da rigarsu ya saka. Haka ya yi ta fama har ya bar ƙungiyar a 1986. A shekarun nan ƙungiyar masu ƙyamar baƙi ta National Front a bakin filayen wasa take sayar da jaridarta tana ɗibar matasa, kuma Stamford Bridge, filin Chelsea, na cikin wuraren da ta fi samun kasuwa.

Amma kada abokinka ya sa ka ɗauka cutar gida ɗaya ce. Cyrille Regis na West Brom, da aka kira shi tawagar Ingila a 1982, wasiƙa aka aiko masa da harsashi a ciki, ana yi masa kashedin kada ya taka Wembley. John Barnes ya yanke 'yan Brazil ɗaya bayan ɗaya ya ci wa Ingila a filin Maracanã na Brazil a 1984, amma 'yan National Front da suka bi tawagar suka ce ƙwallon baƙi ba a lissafa ta.

Abin ma ya girmi kakanninmu. Baƙar fata na farko da aka biya albashi don buga ƙwallo a Ingila ɗan Afirka ta Yamma ne, Arthur Wharton, an haife shi a Jamestown ta Accra a 1865. Gola ne, shi ya sa nake ƙaunar labarinsa. Ya tsare wa Darlington da Preston North End da Rotherham raga, ga shi gwanin gudu, a 1886 ya cinye yadi 100 cikin daƙiƙa 10. Ƙarshensa aikin ma'adinin kwal, ya rasu a 1930 cikin talauci, kabarinsa ko alama babu sai a 1997. Akwai Walter Tull na Tottenham da 'yan kallon Bristol City suka ci wa mutunci a 1909, daga baya ya zama hafsan soja ya mutu a fagen yaƙi a Faransa a 1918, yana kare ƙasar da aka zage shi a cikinta.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne Jack Leslie na Plymouth Argyle. A 1925 kocinsa ya kira shi ya yi masa albishir cewa an zaɓe shi a tawagar Ingila, jaridu ma suka buga sunansa. Kwatsam sai sunan ya ɓace daga jerin, ba wanda ya yi masa bayani. Shi kansa ya ce an gano launin fatarsa ne. Babu ihu, babu ayaba, manya ne a ofis suka soke shi da alƙalami. Da ya tsufa a ɗakin takalma na West Ham ya yi aiki, yana goge takalman yaran da ake kira tawagar da aka hana shi. Sai a 1978 Viv Anderson na Nottingham Forest ya zama baƙi na farko da ya buga wa babbar tawagar Ingila, shekara 53 bayan Leslie. Ka lissafa gwanaye nawa aka binne a tsakanin.

Maman_Gunners:

Baba TsohonGola, Allah ya ƙara sani. Ni 'yar Arsenal ce, kuma gaskiya mun riga Chelsea da shekara goma, domin Brendon Batson ya fara buga mana a 1972. Amma ba zan yi tutiya da wannan ba. In ana neman wadda za a yaba wa, West Brom ce, da ta jera baƙi uku a 1978, Batson da Regis da Laurie Cunningham, lokacin da ake cewa baƙi ba sa jure sanyi kuma ba su da zuciya. Cunningham har Real Madrid ta saye shi a 1979. Abin takaici, kocin da ya jera su, Ron Atkinson, shi ne a 2004 ya zagi Marcel Desailly da kalmar wariya bai san makirufo a buɗe take ba, har ya rasa aikinsa na sharhi a talabijin.

Bees_Kawo:

Ku bar ni in saka namu na Kaduna. Hoton nan da Barnes na Liverpool yake ture ayabar da 'yan kallo suka jefo masa da dunduniya, a Goodison Park aka ɗauka a 1988, gidan Everton. Shekara shida bayan nan Everton ɗin ta sayi Daniel Amokachi, yaron Ranchers Bees, daga Club Brugge. A 1995 ya shigo daga benci ya zura wa Tottenham biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, suka je suka ɗauki kofin, filin da aka jefi Barnes ya koma rera sunan Amokachi. A ganina abin ya wuce, yanzu kowace ƙungiya cike take da namu.

TsohonGola:

Bees, ban yarda ya wuce ba. An samu sauƙi a cikin fili, wannan haka ne. An kafa Kick It Out, ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata a ƙwallo, a 1993, ana kuma hukunci, ga kyamarori ko'ina, wanda aka kama sai a hana shi shiga fili. An dakatar da Suárez wasa takwas kan zagin Evra da kalmar wariya a 2011, an dakatar da John Terry wasa huɗu kan irin wannan zagi ga Anton Ferdinand duk da kotu ta wanke shi. Amma ka tuna daren 11 ga Yulin 2021, da Rashford da Sancho da Saka suka ɓarar wa Ingila da fenareti a wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Turai da Italiya. Kafin gari ya waye an cika shafukansu da hoton biri da ayaba, an ɓata zanen Rashford da ke jikin bango a Manchester. Saka shekararsa 19 a lokacin. Waɗanda suka rera sunan Amokachi ranar da ya ci biyu suka rera, ni kuwa abin da nake dubawa shi ne ranar da yaro ya ɓarar.

Sannan ka dubi benci. Paul Ince ya zama kyaftin ɗin Ingila baƙi na farko a 1993, amma sai a 2008 aka ba baƙi ɗan Ingila horar da ƙungiyar Firimiya, shi Ince ɗin ne a Blackburn, kuma bai kai ƙarshen shekarar ba aka sallame shi. Fili cike da baƙi, kujerar koci da ta masu gudanarwa kuwa ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Alƙalamin da ya soke Leslie nan ya koma.

ƊanBlues_Gwammaja:

Na gode Baba, na gode Maman Gunners. Ba zan bar Chelsea ba, amma wallahi ban taɓa jin sunan Canoville ba sai yau, kuma a gidan kallonmu ba na jin akwai wanda ya san shi. Baba, Ruud Gullit da ya horar da mu a 1996 fa, shi ya sha irin wannan ko sunansa ya kare shi?