Sabon injin nitro yana cijewa, lalacewa ce?

Sabon-shiga: Salamu alaikum. Na sayi 'yar motar rimot mai injin nitro (ƙaramin inji mai shan mai na musamman), irin mai manyan tayoyi. In na ja igiyar tayarwa sai fistin ya cije a sama kamar an ɗaure shi. In mayar musu ne?

Tsohon-hannu: Wa alaikumus salam. Kar ka mayar, Malam, haka sabo yake. Silindar a tsuke take daga sama, sai ta ɗau zafi take buɗewa. Ka ɗumama kan injin da na'urar busar da gashi kafin ka ja igiyar. Tanki biyar na farko ka bar allurar da ke daidaita shigar mai a ɗan buɗe, mai ya yi yawa, shuɗin hayaƙi na fita sosai. Ka tuƙa a fili, kana ba ta wuta kaɗan kana saki. Ka bari zafin injin ya kai wajen digiri 95 na Selsiyas. Bayan kowane tanki ka juya fistin ya sauka can ƙasa, ya huce a nan.

Mai-gyara: Ka tanadi wani filogin, na farkon yakan ƙone. Ni dai ban yarda da yadda wasu ke barin sabon inji yana aiki mota na tsaye wuri ɗaya ba, ba ya ɗaukar zafi.

Sabon-shiga: Na gode. Yaushe zan fara tsuke allurar?

Tsohon-hannu: Bayan tanki na biyar, kashi ɗaya bisa takwas na zagaye kowane karo. Kar ka bari hayaƙin ya ɗauke; in ya ɗauke, ka tsaya, mai ya yi kaɗan.