Alkawarin Irmiya 29:11 namu ne ko na waɗanda aka kai Babila?

Salama, 'yan'uwa. Ina koya wa matasa Littafi Mai Tsarki a majami'armu nan Katsina, kuma wani abu ya ɗaure mini kai. Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya yi alkawarin alheri, kullum muna karanta ta kamar da mu ake. Sai wata yarinya ta ce ai wasiƙa ce ga Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila, aya ta 10 ma ta ce sai shekara 70 ta cika. Gaskiyarta kuwa, na rasa ta cewa.

Fastoci da dattawa, don Allah yaya ake bambance maganar da aka yi wa mutanen wancan zamani kaɗai da wadda ta shafe mu? Ranar Lahadi za mu koma kan ayar.