Tsohuwar rajistar masu zaɓe za ta iya nuna min inda kakana ya zauna?

Baban_Hanifa:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah tambaya gare ni. Kakana na wajen uba ma'aikacin En'e ne a Kano, an tura shi kwas Landan wajajen 1958 zuwa 1961, to ya rasu tun ina ƙarami kuma duk gidanmu ba wanda ya san unguwar da ya zauna a can, hoto ɗaya ne kawai muke da shi yana tsaye da kwat da jar dara a bakin wata ƙofa mai lamba 14. Wani ya ce in duba tsohuwar rajistar masu jefa ƙuri'a ta Ingila, na ce yo baƙo daga Kano me zai kai sunansa rajistar Turawa? Wai da gaske ne? In kuma akwai irinta nan gida ina so in nemo kakata ma.

YarZazzau_UK:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Gaskiya ya faɗa maka wallahi. Kafin 'yanci dai ɗan Arewa ba shi da ƙuri'a a Ingila, amma bayan samun 'yanci a 1960 ɗan Najeriya ɗan Commonwealth ne, wato ƙungiyar ƙasashen renon Ingila, yana da damar zaɓe a nan muddin ya kai shekara 21, sai 1969 aka mayar 18. Kuma su duk shekara suke sabunta rajistar, fom ake kai wa maigida ya rubuta duk manyan da ke kwana a gidan har da 'yan haya, to in mai gidan hayar bai yi ganda ba sunan kakanka na ciki, in ya yi kuma shikenan sai haƙuri.

Ta Landan daga 1832 zuwa 1965 tana kan Ancestry, shafin intanet na binciken asalin dangi, amma sai ka biya kuɗi. Kar ka sa rai da yawa fa, suna ne da adireshi kawai, ba shekarun haihuwa ba garin mutum ba sana'a. Ni abin da ya fi burge ni shi ne sunayen da ke kusa da nasa, tunda titi-titi gida-gida aka jera su za ka ga waɗanda suka zauna tare, in ka ga wani Bello ko Yusufu a gidan ka nemi jikokinsa, wataƙila su suna da wasiƙu. Lambar nan 14 ka riƙe ta da kyau, da ita za ka tantance in sunaye suka yi kama. Sannan ka gwada rubutu kala-kala, Mamman, Mohammed, Momodu, Garba, Garuba, Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.

TsohonMalami:
Yaro batun kakarka kuwa kar ka wahal da kanka. Zaɓen tarayya na Disamba 1959 maza zalla suka yi shi a Arewa, matanmu sai zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 suka fara jefa ƙuri'a, sannan na 1979 da hukumar zaɓe ta FEDECO ta shirya. Ko ka samu rajistar mazan ma, Audu Kano nawa za ka tarar a shafi guda? Mu da ba mu da sunan dangi tsayayye, wani da sunan uba wani da sunan gari.

Ni da ni ne Kaduna zan nufa, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House, a duba fayilolin En'e ta Kano ko akwai takardar tura shi kwas ɗin. Amma kafin nan je ka zauna da gwaggonninka tun suna raye, da ɗan goronka, su ne rajistar mata.

Baban_Hanifa:
Allah ya saka da alheri Baba, ke ma Hajiya na gode ƙwarai. Yanzun nan na kira Gwaggo ta ce ai ba da sunan da muka san shi ya yi boko ba, sunan unguwarsu aka liƙa masa tun a elemantare kuma shi ne a fasfo ɗinsa. Ranar Juma'a zan je ta buɗe min adakar in ga yadda aka rubuta shi kafin in biya kuɗin.